Sauya kunamar Remington 700: kunamar da ta ci jarrabawa a kan tebur, ta gaza bayan an mayar da kota

Bindigar da za a bi lamarinta a nan misali ce na abin da ke yawan faruwa a wannan aiki: Remington 700 samfurin BDL, mai cin harsashin .30-06, mai kotar katako, ƙirar ƙarshen shekarun 1970. Irinta ce maharban barewa a Amurka suke gada daga iyayensu. Bindiga ce mai sakata, wato ana ɗaga hannun sakatar a ja baya a fitar da kwanko, a tura gaba a ɗora sabon harsashi. Kunamarta ta asali tana nan, ba a taɓa buɗe ta ba. Idan an ja sai ta yi tauri, ta yi ɗan rarrafe kafin ta saki, nauyinta kuma yau daban gobe daban, saboda tsohon mai ya daskare a ciki ya koma kamar ƙaro. An yanke shawarar cire ta a sa ta kamfanin Timney, samfurin 510. A Amurka ana sayen irin wannan kunama a shago ko ta gidan waya, mutum ya sa da hannunsa. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ba ta yarda a gyara bindiga ba sai da izinin hukuma.

Dalilin sauyawar ya wuce neman daɗin ja. Merle Walker ne ya ƙera wannan kunama, aka fara sa ta a samfurin 721 da 722 a 1948, sannan ta shiga samfurin 700 da ya fito a 1962. A cikin sakata akwai allurar da ke dukan gindin harsashi, sifirin mai ƙarfin fiye da laba 20 yana tura ta gaba. Abin da ya tare ta wani ɗan ƙarfe ne, mu kira shi mariƙi. Shi mariƙin kullum ƙasa yake son faɗawa, kan kunama ne kawai ya tokare shi, kuma faɗin wurin da suka ciji juna bai wuce kusan rabin milimita ba. A ƙirar Walker akwai wani ɗan siririn ƙarfe, mahaɗi, da ke zaune a kan kunamar ba tare da an manne shi ba, sifirin ne kaɗai ke matse shi a jikinta. Makullin tsaro kuma aikinsa ɗaga mariƙi sama ne, kunama tana iya motsi a ƙarƙashinsa. To idan datti ko daskararren mai ya shiga tsakanin mahaɗi da kunama, mahaɗin bai koma ƙarƙashin mariƙi ba, ana sauke makulli bindiga za ta tashi, ko da yatsa bai kusanci kunama ba.

Bindigogin da aka yi kafin 1982 suna da ƙarin matsala: makullinsu yana kulle sakata, saboda haka ba a iya fitar da harsashi sai an sauke makulli. A shekarar 2000 a jihar Montana yaro ɗan shekara 9 ya rasu lokacin da mahaifiyarsa ta sauke makulli za ta fitar da harsashi, ta ce ba ta taɓa kunama ba. Kamfanin Remington ya tsaya a kan cewa ƙirar lafiyarta lau, laifin na rashin kula ne da kwaskwarimar waɗanda ba su iya ba. Duk da haka a 2017 kotu ta amince da sulhun da ya shafi bindigogi kusan miliyan 7.5, aka ba masu su damar a sauya musu kunama. Kunamar da ta gaji ta Walker, wato X-Mark Pro, ita ma an yi mata kiranye, wato kamfani ya nemi a dawo da bindigogin a gyara, a watan Afrilu na 2014, domin a waɗanda aka haɗa daga 1 ga Mayu 2006 zuwa 9 ga Afrilu 2014 an samu gam ya yi yawa a ciki. Da ido ake bambance su: fuskar kunamar Walker tana da zane-zane a tsaye, ta X-Mark Pro sumul take.

Kayan aikin ba su da yawa. Madoshi mai lafaffen baki na inci 1/8, ƙaramar guduma mai kan tagulla ko roba, sukundireba da ya cika bakin sukurun daidai (a sababbin bindigogi alanki ne na inci 5/32), sukundireba mai auna ƙarfin ɗauri, ma'aunin nauyin kunama irin na Lyman ko Wheeler, ƙaramin magagari, sanfefa, harsashin gwaji marar albarushi, da jan baki da jan farce. Waɗannan biyun na ƙarshe za a ga amfaninsu. Wanda ba shi da ma'auni yana iya tsayar da bindiga baki sama, ya rataya gora a jikin kunama da lanƙwasasshiyar waya, ya riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan har ta saki, sannan ya ɗora gorar a sikeli. Litar ruwa kilo ɗaya ce, laba ɗaya kuma giram 454.

Lokacin da ya fi haɗari a aikin gaba ɗaya shi ne na farko. Tunda wannan bindiga ta kafin 1982 ce, dole a sauke makulli kafin sakata ta ɗagu. Saboda haka a fara buɗe murfin ƙasa harsasan cikin ma'ajiya su zube, a juya baki wajen da ko ta tashi ba za ta sami kowa ba, sannan a sauke makulli a ja sakata. A duba mazaunin harsashi da ido, a zura ɗan yatsa a taɓa. Harsasai masu rai a fitar da su daga ɗakin baki ɗaya. Daga nan a danna ɗan maɓallin da ke gaban kunama a zare sakatar. Kafin a kwance komai, yana da kyau a auna tsohuwar kunama sau biyar a rubuta, domin a san inda aka faro.

Sukuru biyu ne ke riƙe ƙarfe, wato bututu da gidan sakata, da kota a samfurin BDL, na baya ya fi na gaba tsawo. Samfurin ADL uku ne da shi. A kwance su a ajiye kowanne a gefensa, a ɗaga ƙarfen daga cikin katako. Akwatin kunama fil biyu ne ke riƙe da shi a jikin gidan sakata. Fil na baya shi ne mai rigima, domin shi ne kuma yake riƙe da birkin sakata, wato ɗan ƙarfen da ke hana sakata zarewa gaba ɗaya, da ɗan sifirinsa a ɓangaren hagu. Dabarar ita ce a kore shi daga dama zuwa hagu, a tsaya da zarar ya saki akwatin kunama, a bar ƙarshensa riƙe da birkin da sifirin. Wanda ya fitar da shi gaba ɗaya zai sha neman sifirin a ƙarƙashin tebur, shi ya sa ake ɗaukar hoton wurin da waya kafin a fara. Ana korar fil na gaba, akwatin ya zare. Mariƙin tsohuwar kunama da sifirinsa za su zubo, domin waɗannan fil ɗin ne dama ke riƙe da su. A haɗa su cikin leda a ajiye.

Sabuwar kunama a haɗe take zuwa. A goge wurin zamanta, a zura ta, a leƙa ramukan a ga haske ya ratsa, sannan a mayar da fil da bugu mai sauƙi. Idan fil ya ƙi shiga, ramuka ne ba su daidaitu ba, kuma ƙara ƙarfin guduma lanƙwasa akwatin zai yi. Abin lura a nan shi ne zurfin fil na gaba: in ya leƙo ta hagu fiye da kima yakan danne birkin sakata, birkin ya maƙale a ƙasa, sai mutum ya ja sakata ta fito gaba ɗaya a hannunsa. A danna maɓallin sakin sakata sau da yawa, a tabbata birkin yana sauka kuma yana komawa sama da kansa.

Timney 510 tana fitowa daga masana'anta a kan laba 3, kilo 1.36 ke nan, kuma an yi ta ne don a juya ta tsakanin laba 1.5 da laba 4. Makullinta kunamar kanta yake tarewa, kuma ba ya kulle sakata, saboda haka daga yanzu ana iya fitar da harsashi makulli yana kulle. Mai bindigar da ya saba da tsohon tsari sai ya san cewa reshen itace zai iya ɗaga masa hannun sakata a daji.

Abubuwa uku ake iya juyawa a irin wannan kunama. Akwai nauyin ja, akwai zarcewa (tafiyar da kunama ke yi bayan ta saki), akwai kuma cizo, wato faɗin wurin da mariƙi ya hau kan kunama. A duba takardar da ta zo da kunamar a san wane sukuru ne na wane, kada a yi ƙiyasi da wata kunamar da aka saba da ita. Sukurun cizo a bar shi yadda masana'anta ta ɗaure shi. Shi ne ke jan hankalin mutane domin rage cizo yana kashe rarrafe nan take, amma abin da ake ragewa shi ne ɗan rabin milimitan nan da ke tsakanin bindiga mai riƙo da bindiga mai tashi don kanta. Zarcewa ba a cika buƙatar taɓa ta ba. In dole ne, sai a ɗana bindiga ba harsashi, a shigar da sukurun har kunama ta kasa saki, a riƙe kunama a matse ana kwance shi a hankali har allura ta faɗi, sannan a ƙara kwance rubu'in zagaye. Wannan rubu'in shi ne rabon ƙura da sanyi. Wanda ya hana su rabonsu, wata rana zai ja kunama a gaban dabba ta ƙi saki, ko mariƙi ya riƙa gogar kunama yana faɗuwa.

Sukurun nauyi shi ne aka fi taɓawa, kuma shi ne aka fi jahilta. Shigar da shi yana ƙara nauyi, kwance shi yana ragewa. Sai dai sifirin da yake matsewa aiki biyu yake yi: shi ne ke ba yatsa nauyi, shi ne kuma ke mayar da kunama ƙarƙashin mariƙi bayan kowane harbi. Duk lokacin da aka sassauta shi, ƙarfin komawar ma an rage. Ga bindigar farauta da za a riƙe da yatsu masu sanyi ko cikin safar hannu, ana haki bayan hawan tudu, laba 2.5 zuwa 3.5 shi ne daidai. Kunamomin da ake saukewa zuwa giram 50 ko 100, irin na Jewell, na masu gasar harbi a kan benci ne, waɗanda ba sa sa harsashi sai bindiga tana kwance tana kallon allon hari. A wannan lamari an bar ta a laba 3 yadda ta zo. An auna sau goma, ƙugiyar ma'auni a inda yatsa ke zama, ana ja a miƙe daidai da layin bututu, awon kuma ya tsaya kusan wuri ɗaya.

Sai gwaji, ƙarfe tsirara ba kota. An mayar da sakata, an rufe ta da ƙarfi sau ashirin, fiye da yadda za a yi a daji, ana duba bayan sakatar kowane karo a ga allura tana ɗane. An kulle makulli, an ja kunama da ƙarfi, an saki, an sauke makulli, sau goma. An tsayar da makulli a tsakiya, tsakanin kulle da buɗe, an ja kunama, an saki, an tura shi gaba. An ɗan matsa kunama kamar za a harba sannan aka janye yatsa, ta koma gaba da kanta. Ko sau ɗaya allura ba ta faɗi ba.

A nan ne mutane da yawa suke ɗauka aiki ya ƙare. An mayar da ƙarfe cikin katako, an daidaita akwatin ma'ajiyar harsashi, an tsayar da bindiga kan gindinta domin ƙarfen ya zauna baya sosai, an ɗaura sukurun gaba sannan na baya, kaɗan-kaɗan ana musanyawa, har ƙarfin ɗauri ya kai inci-laba 35. Wannan shi ne abin da katako ke ɗauka, kusan nuton-mita 4. Kotar da ke da gadon alminiyom a ciki takan ɗauki har 65. A kula, inci-laba ake nufi. Ƙafa-laba ta ninka ta sau 12, kuma wanda ya ruɗa su zai murƙushe katakon ko ya tsinke sukuru.

Da aka sake aunawa, kunamar da ke ba da laba 3 ta koma tana wasa tsakanin 3.5 da 4. Makulli ya yi tauri, sai an danna da ƙarfi yake shiga. Da aka matsa kunama rabi aka saki, sai ta tsaya a inda yatsa ya bar ta, sai da aka tura ta daga baya sannan ta koma. Sannan a gwajin rufe sakata da ƙarfi, a wani karo allura ta bi sakatar ta sauka. Da akwai harsashi mai rai a ciki, da mai yiwuwa ta tashi a daidai lokacin rufewa.

Kuskuren da ya fi sauƙin faɗawa a wannan gaɓa shi ne a ga nauyi ya ƙaru a je a kwance sukurun nauyi. Yin haka zai mayar da awo laba 3 a kan ma'auni, amma ƙarin nauyin daga gugar wani abu yake zuwa, kuma an sake raunana sifirin da dama yake fama ya mayar da kunama. Ma'auni zai nuna lamba mai kyau a kan bindigar da ta fi dā haɗari. Tunda kunamar ta yi aiki lafiya a waje, laifin yana inda ta haɗu da kota ko garkuwarta, wato ƙarfen da ya zagaye kunama ta ƙasa, can za a nema.

Hanyar ganowa mai sauƙi ce. An sassauta sukurun baya rabin zagaye, sai kunama ta dawo daidai. Wato matsi ne. An sake kwancewa, an shafa jan baki siriri a gefunan akwatin kunama, da kan sukurorin gaba da notinsu, da hannun makulli, da gefen kunamar inda take ratsa tsagar garkuwa. An haɗa, an ɗaura har 35, an motsa makulli da kunama sau da yawa, an kwance. Jan bakin ya bar shaida a wuri uku. Akwai ɗigo a bangon gaba na ramin katako, inda notin sukuru ya tokare. Akwai dogon layi a gefen dama, inda hannun makulli ke goga. Mafi muni kuma, akwai ja a gefe ɗaya na tsagar garkuwar kunama. An sassaƙa ramin katakon ne daidai da tsohuwar kunama, sabuwar kuma siffarta ta ɗan bambanta. Ban da haka katako mai shekara arba'in da wani abu ya lotsa a ƙarƙashin garkuwar saboda ɗauri, har ta ɗan karkace. Karkacewar da ido ba ya gani ta isa ta riƙe kunamar da sifirinta ba shi da ƙarfin kirki.

Gyaran na haƙuri ne. Ana cire katako a inda ja ya nuna kawai, da magagari ko sanfefa da aka naɗe a jikin ɗan itace, kaɗan a lokaci guda, a goge, a sake shafa jan baki, a sake haɗawa. Sau uku ko huɗu ake yi kafin ja ya daina fitowa. Ba a taɓa wurin da gidan sakata ke zama a bayan ramin, domin nan ne ke ɗauke da ƙarfen, in an ci shi harbi zai warwatse. Tsagar garkuwa an faɗaɗa ta da ƙaramin magagari har katin kasuwanci ya ratsa ta kowane gefe na kunama ba tare da ya kama ba. Garkuwar ake ci, ba a kai magagari jikin kunama. Katakon da aka buɗe an shafa masa man katako don kada ya sha damshi ya kumbura ya dawo da matsalar da damina. An kuma zura yatsa ta ƙasa an taɓa akwatin ma'ajiya: ya kamata ya ɗan yi motsi, domin in ya matse tsakanin ƙarfe da garkuwa shi ma yana karkatar da ita.

Bayan haka awo ya dawo laba 3 a cikin kota, daidai da na waje. Wannan daidaituwar ita ce alamar da ake nema. An maimaita duk gwajin farko daga tushe, an ƙara biyu. Na ɗaya, bindiga a ɗane, makulli a buɗe, harsashin gwaji a ciki, an buga gindinta a kan dardumar roba daga tsayin kamar taƙi ɗaya sau da yawa, an kuma mari gefen kota da tafin hannu. Na biyu, an bar ta ta kwana a wuri mai sanyi irin wanda za a yi farauta a cikinsa, aka sake gwaji da sassafe kafin ta ɗumama. Faɗuwa ɗaya tak a cikin waɗannan ta isa a dakata. In an ƙara nauyi an kawar da guga amma ta sake faɗuwa, sai a cire kunamar a mayar wa masu ita ko a kai wa ƙwararren mai gyaran bindiga, kada a sa mata harsashi.

Inda aka taɓa sukuru, a ɗaure notinsa ana riƙe da sukurun don kada ya juya tare da shi, a sake aunawa, domin ɗaure noti kaɗai yakan motsa nauyi. Sannan a ɗiga jan farce a kai. Yana hana kwancewa, kuma in ya tsage an san wani abu ya motsa. Gam mai ruwa na kulle zare a yi nesa da shi, yana bin zare ya gangara ciki, kuma kiranyen 2014 ya nuna abin da gam ke yi a cikin kunama. Haka mai: akwatin kunama a bushe ake barinsa. Lokacin wanke bututu a sa abin da ke tare ruwan wanki kada ya zubo ta baya, a kuma jingine bindiga baki ƙasa bayan an shafa mata mai, domin ta wannan hanyar ce tsohuwar kunamar ta cika da ƙaro.

A filin gwaji an fara da harsashi ɗaya-ɗaya, ana rufe sakata baki yana kallon tudun da ke tare harsashi. Bayan harbi ashirin an sake duba ɗaurin sukurorin kota, an auna kunama, an duba jan farcen. An rubuta ranar aikin, da laba 3, da inci-laba 35 a takarda, an saka ta cikin ledar tsohuwar kunama, domin duk ranar da aka sake cire kota sai an ɗaure ta a wannan lamba an kuma maimaita gwajin rufe sakata kafin a sa harsashi.